Goɗiyar da Ta Yi Ɓari Ranar Gwanjo

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Talata, Noreen Tuohy ta buɗe ɗaki na goma sha huɗu a bargar kasuwar gwanjon dawaki ta Newmarket, ta tarar da ɗan tayi kwance a kan busasshiyar ciyawa. Bai wuce girman ƙaramin kare ba. Goɗiyar, Salt Lantern, tana tsaye a ɗaya kusurwar tana jiran abincin safe.

Da yammacin ranar za a sayar da ita. Manyan tsere huɗu ta ci kafin a ajiye ta, aka kai ta baye wajen ingarman da ya fi kowanne tsada a ƙasar, kuma akwai takardar likita mai cewa tana da cikin wata shida. Dillalai sun zo daga Japan da Amurka suna maganar gini miliyan biyu, wato fam miliyan biyu da ɗoriya. Rabin wannan kuɗi na abin da ke kwance a ƙasa ne.

Kafin ƙarfe bakwai, Hugh Tallentire, manajan gonar kiwon dawaki ta Harrowdene wadda ta kawo goɗiyar, ya ce ya tsinci sirinji a aljihun rigar sanyin Noreen da ke rataye a ɗakin kaya, tare da kwalbar maganin da ke zubar da ciki. Shi ya kira 'yan sanda.

Sajan Desmond Ruddock ya iso da bakwai da rabi. Ya sami mutane tsaye a tsakar bargar suna magana ƙasa-ƙasa, wasu har sun cire hula. A garin nan ɓarin goɗiya ya fi mutuwar matar mutum tara jama'a, kuma Ruddock ya ga duka biyun, yana iya kwatantawa.

Tallentire ya tarye shi da doguwar riga mai ruwan ƙasa da muryar wanda ya yi makaranta mai tsada. Ya ce abin ya yi masa ciwo. Noreen ta shekara talatin da huɗu a gonar, a hannunta aka haifi goɗiyar, ita ta shayar da ita da kwalba lokacin da uwar ta mutu. Tun da aka yanke shawarar sayarwa ba ta ƙara gaishe shi ba. Ranar Lahadi a mashaya, a gaban mutum fiye da ashirin, ta ce gara ta ga goɗiyar ta gurgunce da a ɗora ta a jirgi zuwa Hokkaido ta Japan.

"Ba na son a ɗaure ta, Sajan," in ji shi. "Amma mai gonar tana Switzerland, ni zan yi mata bayani. Kuma muna da sauran goɗiyoyi takwas da za su shiga filin gwanjo daga ƙarfe ɗaya. Ina fatan ba za ka tsare mana su ba."

Ruddock ya ce bai riga ya tsare kowa ba.

Noreen tana zaune a kan buhun abinci a ɗakin kaya, ƙaramar mace mai furfura, hannayenta duk tsaga. Abin da ke gabanta ta san shi sarai. In aka tuhume ta, kurkuku ce ƙarama a ciki. Za a hana ta taɓa dokin tsere har ta mutu, kuma ɗan gidan da take zaune a ciki na gonar ne.

Ya tambaye ta ko ta faɗi maganar nan a mashaya. Ta ce ta faɗa, kuma in an sake ba ta kofi uku na giya za ta maimaita. Ya tambaye ta batun sirinjin. Ta ce rigar ta kwana a rataye, ɗakin kaya kuwa ba a kulle shi, ko kyanwa tana shiga. Sai ya tambayi yadda goɗiyar ta kasance a makonnin nan, ta ce ba ta sani ba. Ta yi sati uku a garinsu Tipperary wajen jinyar yayarta da jana'izarta, daga filin jirgi ta wuto nan ranar Asabar, ta tarar an riga an kawo dawakin.

"Ka taɓa ganin goɗiya ta yi ɓari, ɗana?"

"Ban taɓa ba."

"Ni na gani ya fi sau hamsin. Takan jiƙe da gumi, ta yi ta shinshinar abin tana lasa, ka zo ɗauka ta nemi cizonka. Wannan ko kallonsa ba ta yi ba. Wutsiyarta tsaf, kamar yanzu na taje. Kuma na taɓa shi. Sanyi ƙalau."

Ruddock ya ce ai Disamba ake ciki, shi ma yatsunsa sanyi ƙalau suke.

"Naka yatsun ba daga cikin goɗiya suka fito ba," in ji ta.

Ya rubuta wannan a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi.

Mutum na gaba da ya gani Gervase Lyle ne, dillalin dawaki, wanda littafin baƙi ya nuna ya sa an fito masa da goɗiyar sau biyar cikin kwana biyu, na ƙarshe dab da rufe barga. Ya same shi a ɗakin cin abinci yana fama da ƙwai da tsiran alade. Ruddock ya ce masa goɗiyar da ta yi ɓari farashinta ya faɗi, mai son saya da araha zai ji daɗi. Lyle ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce attajirinsa na Japan ɗan cikin yake so, uwar kari ce, kuma tuni ya bugo waya ya janye. Wata uku ya yi yana lallashin mutumin. Ban da haka, daga ƙarfe bakwai na yamma har safe yana otal, yana da matar wani da za ta iya shaida, ko da yake ya fi son kada a tambaye ta. Ruddock ya tambaye ta. Gaskiya ya faɗa.

Da ya koma barga, likitan dabbobi na kasuwar ya riga ya sa ɗan tayin a leda yana shirin aika shi ɗakin gwaji. Sakamako sai bayan kwana uku. Ruddock ba shi da kwana uku. Shugabansa ya bugo sau biyu yana cewa ga sirinji, ga kwalba, ga shaidu ashirin, me ake jira, a kawo matar ofis. Ruddock ya ce yana hanya, ya kashe wayar, ya roƙi likitan ya ara masa ma'aunin zafi.

Suka rataya ma'aunin a bangon ɗaki na goma sha huɗu, ya nuna digiri bakwai. Sannan likitan ya buɗe ledar, ya tura shi can cikin ɗan tayin. Suka jira. Ya nuna digiri ɗaya.

Likitan ya girgiza ma'aunin ya sake gwadawa. Bai canza ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a hankali, abin da ya mutu yakan huce ne har ya yi daidai da ɗakin da yake, daga nan ya tsaya. Sanyinsa ba ya wuce na ɗakin. Wannan ƙanƙara ce ke narkewa a cikinsa. Ya sa safar hannu ya shiga ya duba goɗiyar, ya fito ya ce mahaifarta ta riga ta koma yadda take, ɓarin nan ya yi sati biyu ko fiye.

Sati biyu da suka wuce Noreen tana Tipperary tana juya yayarta a gado. Sai dai wannan bai isa ba. Takardar da ke manne a ƙofar ta ce kwana shida da suka wuce an duba Salt Lantern an sami ɗa da rai a cikinta. Muddin takardar tana tsaye, lauya zai ce ma'aunin ne ya lalace. A ƙasanta akwai sa hannun Dokta Petra Swann.

Ya same ta a bayan motarta tana wanke takalman roba, mace doguwa mai saurin magana. Ya gaya mata abin da ma'aunin ya nuna, sannan ya tambaye ta kai tsaye nawa aka ba ta.

Ta ajiye burushin. Ta ce shekara goma sha tara tana sa hannu a takardun nan, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Ranar Laraba ta je Harrowdene ta duba goɗiyoyi tara, ta tura hannunta har kafaɗa, ta ji ɗan yana motsi, ya ma shure ta. In yana so ta rantse a kotu, ta rantse.

"Na yarda kin ji ɗa," in ji Ruddock. "A cikin wa?"

"A cikin Salt Lantern."

"Ta yaya kika san ita ce?"

 Ta bayyana masa yadda ake yi, kamar mai koya wa yaro. Akwai wani keji na ƙarfe da ake shigar da goɗiya don kada ta yi harbi. Likita yana tsayawa ta baya. Wani yana riƙe da kai ta gaba, ya faɗi sunan, a rubuta. A gama, a fitar da ita ta ƙofar gaba, a shigo da wata. Kowace tana da ragama mai ɗan farantin tagulla da aka zana sunanta, ta leƙa ta ga farantin. Ya tambayi na'urar da ke karanta lambar da ake dasa wa doki a wuya. Ta ce tana cikin mota. Ba wanda ke ɗauko ta a gonar da ya sani shekara da shekaru, a kan goɗiyar da hotonta yake kowace jarida.

"Ba fuska ake biya na in duba ba, Sajan. Duk goɗiyoyin yankin nan na Suffolk ta baya na san su."

"Wa ya riƙe kan?"

"Noreen ce kullum. Ran nan ba ta nan, sai Hugh ya ce zai riƙe da kansa. Har na tsokane shi na ce ashe ya san inda kan doki yake."

Ya nemi littafinta. Ƙaramin littafi ne mai datti, kowace goɗiya layi biyu. Ya sa ta karanta masa na Salt Lantern, ta takwas a jeri. Ta karanta: ciki wata shida, ɗa yana motsi, tsohon tabon ɗinki a hagu daga haihuwar baya. Ta kai nan ta tsaya.

Ruddock yana riƙe da kundin gwanjon, wanda ke jera asalin kowace goɗiya har kaka ta biyar da kulawar da ba a yi wa asalin mutane. Ya buɗe shafin ya nuna mata da yatsa. Salt Lantern ba ta taɓa haihuwa ba. Wannan ne cikinta na fari.

Dokta Swann ta koma baya a littafin da kanta. Ta uku a jeri, Thimble Row, ja mai duhu kamar ta takwas ɗin, haihuwa huɗu, an kai ta baye a mako guda da Salt Lantern. Ciki wata shida, ɗa yana motsi, tsohon tabon ɗinki a hagu. Ta zauna a bakin motar.

"Sau biyu na duba ta," in ji ta. "Ya zagaya da ita ta bayan barga ya canza farantin ragamarta. Ni na ɗinke tabon nan da hannuna, kuma na rubuta shi sau biyu cikin awa ɗaya ban gane ba."

Ya tambaye ta me zai sa mutum ya ɓoye ɓari. Ta dube shi kamar ya tambayi me ya sa ake rufe ƙofa. Ta ce ƙa'ida ce kowa ya sani: goɗiya ta yi ɓari, a ware ta, a aika ɗan tayin gwaji, ba dokin da zai fita daga gonar sai sakamako ya zo. In cutar nan ce mai yaɗuwa da ke sa goɗiyoyi ɓari, a rufe gonar kwana ashirin da takwas ko fiye. Sai ta miƙe tsaye da sauri, don ta tuna akwai goɗiyoyi masu ciki sama da ɗari bakwai a harabar, kuma tara ɗin Harrowdene sun kwana uku a tsakiyarsu.

Sha biyu da rabi ta wuce. Ruddock ya tura ta ofishin masu gwanjon, ya buga waya ya sa ɗan sanda ya je Harrowdene ya buɗe firizar da ake ajiye dakashin goɗiyoyi, wato nonon farko bayan haihuwa. Shi kuma ya nufi ɗan ɗakin da kowace gona ke shiryawa a bakin bargarta don ba masu saye shayi da burodi.

Tallentire yana ciki yana zuba wa wasu Faransawa biyu kofi. A ƙarƙashin tebur akwai akwatunan sanyi uku irin na kai abinci. Biyu suna cike da madara da man shanu. Ruddock ya buɗe na ukun. Ba komai a ciki sai warin maganin wanke banɗaki.

Ya jira baƙin suka fita, ya rufe ƙofa, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya tambayi Tallentire ƙarfe nawa ya shigo yau. Ya ce wajen biyar da rabi, don ya kawo kayan shayi, mai gadi ya gan shi. Ruddock ya ce haka ne, mai gadin ya ce akwati uku ya shigo da su, kuma na ukun bai bari an taya shi ɗauka ba.

Sannan ya faɗa masa labarin tun daga farko, ba tare da ɗaga murya ba. Sati biyu ko uku da suka wuce, Noreen ba ta nan, Salt Lantern ta yi ɓari a gona. Da Tallentire ya bi ƙa'ida, da an rufe Harrowdene, goɗiyoyi tara sun rasa gwanjon da ba ya zuwa sai shekara-shekara. Sai ya ɓoye maganar. Amma ba zai iya sayar da ita a matsayin mai ciki ba, don likitan mai saye zai duba ta washegari. Dole cikin ya zube a idon jama'a, bayan an iso nan, kuma dalilinsa ya zama hannun mutum, ba cuta ba, don a bar sauran takwas su shiga fili. Shi ya sa bai binne ɗan tayin ba, ya sa shi a firiza. Ya nuna wa likita Thimble Row sau biyu ya sami takarda. Mai laifi kawai ya rage masa, sai Noreen ta dawo daga jana'iza ta sha kofi uku ta ba shi kyauta.

"Jiya da yamma ka fito da shi daga firiza. Ka lissafa kamar naman girkin Lahadi ne, zai narke kafin safe. Bai gama narkewa ba."

Tallentire ya ce wannan tatsuniya ce, kuma yana son ganin lauyansa. Wayar Ruddock ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce a ɗauki hoto, kada a taɓa. Ya gaya wa Tallentire an sami jini da gashi a ƙasan firizar, ƙarƙashin kwalaben dakashi, kuma ragamar Thimble Row da ke rataye a ɗakin kayan gonar har yanzu ramukan kusoshin farantinta sababbi ne, alamar an cire shi an mayar.

Tallentire ya ture butar shayi gefe.

"Wataƙila ma ba cutar ba ce," in ji shi. "Goɗiyoyi suna ɓari kullum. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a gonar nan, Sajan. Shekara ɗaya ba gwanjo, mai gonar ta sayar da filin a gina gidaje."

"Da Noreen a cikin sha ɗayan?"

"Ta kusa ritaya. Da na nema mata sassauci."

Ruddock ya gaya masa haƙƙinsa kamar yadda doka ta ce, ya sa aka fita da shi ta baya. Ba don mutunci ba, ta gaba an cika da dawaki.

Saura minti huɗu ƙarfe ɗaya aka juyo da goɗiyar farko ta Harrowdene daga bakin fili. Mai gwanjon ya sanar an janye tara ɗin gaba ɗaya, ya wuce lamba ta gaba ba tare da ya ja numfashi ba. Cikin rabin awa aka zagaye bargar da igiya mai ja da fari, aka ajiye bahon maganin wanke takalma a ƙofa. Mutanen da suka cire hula da safe yanzu ta nesa suke bi, suna ja da dawakinsu.

Noreen tana nan a kan buhun abincin inda ya bar ta. Ya gaya mata komai a taƙaice, ya ce ba a tuhumar ta da komai, sunanta ba zai shiga ko takarda ɗaya ba sai a matsayin shaida. Ba ta gode masa ba. Ta tambayi ko ɗan namiji ne ko mace, don da safe ba ta iya dubawa ba. Ya ce mace. Ta gyaɗa kai.

Sai ta tambayi inda za a kai goɗiyoyin. Ya ce akwai wata tsohuwar barga a bayan gari, can za a kulle su har sakamako ya fito, in cutar ce kuma sai bayan sabuwar shekara. Wanda ya shiga da su ba zai je kusa da wani doki ba har a gama. Ma'aikatan gonar biyu da suka zo da su sun riga sun ce suna da iyali, Kirsimeti ya matso.

"Kina iya tafiya gida," in ji Ruddock. "Ko ki koma Tipperary ki huta. Ba mai tsare ki."

"Thimble Row ba ta cin abinci in ba a jiƙa mata ba. Ka san wannan?"

"Ban sani ba."

"To wa ya sani?"

Ta miƙe ta nemi rigarta, ya ce rigar ta zama shaida, tana cikin leda. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce to ya ba ta tasa. Ya cire ya ba ta. Ta kai mata har gwiwa.

Da ƙarfe uku motocin dawaki biyu suka tsaya a ƙofar tsohuwar bargar. Noreen ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya, tana duba fuskar kowace kafin ta faɗi sunanta ga likitan da ke rubutawa, Salt Lantern a ƙarshe. Da ta shige, ta juyo ta ce wa Ruddock ya gaya wa mai kawo ciyawa ya riƙa ajiyewa a bakin titi, kada ya kuskura ya shigo. Sannan ta jawo ƙyauren ƙarfen da kanta, ta sa sakata ta ciki.